Ni na ƙirga wata 107, su sun ƙirga mini 69

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi mini haƙuri da dogon rubutu. Ƙarfe uku na dare ne a nan Meriland ta Amurka, ina ɗakin hutunmu na asibiti, shayin da na zuba tun ɗazu har ya yi sanyi ban kai shi baki ba. Bashin karatun nas na ci, dala 71,000, na fara biya a Janairun 2017. Tun lokacin nake jin cewa in mutum ya yi shekara goma yana aiki a asibiti irin namu wanda ba na kuɗi ba, gwamnati za ta yafe masa abin da ya rage, wato shirin nan na PSLF. Ban taɓa cika fom ba sai watan jiya, ina ta cewa sai lokaci ya matso. A lissafina, zuwa wannan Nuwamba na 2025 ina da wata 107, saura 13. Ɗazu na buɗe shafina, sai na ga 69. Na goge gilashina na sake dubawa, 69 ɗin ce dai. Bashin kuma maimakon ya ragu ya koma 78,000. Ga shi wani asibitin kuɗi ya yi mini tayin aiki da ƙarin dala 12,000 a shekara, suna jiran amsa ranar Juma'a. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka, kaina ya kulle.

Kawu Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. 'Yata, karɓi aikin nan tun kafin su ba wani. Shekarata 31 a ƙasar nan, na ga alkawarin gwamnati kala-kala. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Auwal Akanta: Kawu a dakata tukuna, a bari mu ga inda watannin suka maƙale. Anti Maman Iman, tambaya ɗaya: tun 2017 sunan wa ke kan takardar albashinki ta W-2? Ba inda kike zuwa aiki nake tambaya ba, wanda ke biyanki nake nufi.

Maman Iman: Asibitin ne mana. Sai dai lokacin korona na koma ƙarƙashin wata ejensi, don su sun fi biya nesa ba kusa ba. Daga Maris na 2021 zuwa Disambar 2022. Amma fa duk asibitocin da suka tura ni ba na kuɗi ba ne, har da wannan da nake ciki yanzu. Ɗaki ɗaya, marasa lafiya ɗaya, rigar aiki ɗaya.

Auwal Akanta: To ga rami na farko nan. Wata 22 ke nan. Shirin ba ya duba gadon da kika tsaya a kai ko allurar da kika yi, lambar harajin wanda ya ɗauke ki aiki yake dubawa, wadda ke cikin akwati na biyu a saman W-2. In gwamnati ce, ta tarayya ko ta jiha ko ta gunduma ko ta birni, ya shiga. In ƙungiya ce da aka yi wa rajista a matsayin wadda ba ta neman riba, irin masu lambar 501(c)(3), ya shiga. Ejensi kuwa kamfanin kasuwanci ne. Shi ya sa mai shara da asibitin ya ɗauka da kansa ana ƙirga masa watanninsa, nas ɗin ejensi da ke kwana a ɗakin masu rai hannun Allah ba a ƙirga mata ko ɗaya. Cire 22 daga 107, saura 85.

Maman Iman: Innalillahi. Wallahi ko a mafarki ban san da wannan ba. To ai 69 suka rubuta, ina sauran 16?

Malama Rabi: Ƙanwata, wane tsarin biya kike ciki? In ce ko SAVE ne?

Maman Iman: Shi ne, Yaya. Tun bara ma ba su cire mini ko sisi ba, suka ce an dakatar. Ni har murna nake yi.

Malama Rabi: Ayya. Ga 16 ɗinki nan. A tsakiyar 2024 kotu ta tsayar da SAVE bayan wasu jihohi sun kai ƙara, sai aka jingine biyan duk wanda ke ciki. Mutane da yawa sun zaci irin hutun korona ne. Na korona, daga Maris na 2020 har aka dawo biya a Oktoban 2023, an ƙirga wa ma'aikatan da suka cancanta kamar sun biya. Wannan kuwa ba a ƙirga shi. Ƙirga da yatsa daga Agustan 2024 zuwa yau ki gani. Kuma tun 1 ga Agustan 2025 kuɗin ruwa ya ci gaba da hawa a kan 'yan SAVE.

Kawu Ɗanjuma: Kun ji ko? Yau a ce ku daina biya, gobe a ce don me kuka daina. Wannan ai wasa da hankali ne. Ni motar haya na ja na biya wa 'ya'yana uku makaranta, ban ci bashin kowa ba, ba na jiran wani ya yafe mini. Barcina nake yi har da minshari.

Malama Rabi: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma bari in ba da nawa labarin, don ni ganau ce. Ina koyarwa a makarantar gwamnati a Buronkis tun 2007. Na yi shekara goma cur ina biya, ko wata ɗaya ban tsallake ba, har watan da na haifi autana daga gadon asibiti na tura. A 2018 na cika fom ina ta rawar jiki, har na yi wa mahaifiyata alkawarin kujerar Makka da kuɗin da zan daina biya. Wasiƙa ta zo, layi uku kacal: bashina ba irin wanda ake yafewa ba ne. Ashe nawa tsohon samfuri ne da ake kira FFEL, wanda banki ke bayarwa gwamnati ta tsaya masa, an daina ba da shi a 2010. Shirin kuwa bashin da ya fito kai tsaye daga gwamnati kawai ya sani. Sau nawa na kira kamfanin da ke karɓar kuɗina a shekarun nan, ba wanda ya taɓa ce mini ki haɗe bashinki ya koma na kai tsaye. A tsaye na karanta wasiƙar a bakin akwatin gidan waya na ƙasan benenmu, da ledar cefane a hannu, ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. A 2018 ɗin kusan kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka nema an mayar da su. Dokar tun 2007 aka yi ta, Bush ƙarami ne ya sa hannu, rukunin farko suka cika shekara goma a Oktoban 2017, sai ga shi kusan kowa ya faɗi a kan wata ƙa'ida da bai san da ita ba. Majalisa ta ware dala miliyan 350 a 2018 don gyara, amma wannan na waɗanda suka shiga tsarin biya mara dacewa ne, bai shafi irina ba.

Sai a Oktoban 2021 aka buɗe wata ƙofa ta shekara ɗaya, aka ce duk mai irin bashina ya haɗe shi kafin 31 ga Oktoban 2022 za a ƙirga masa tsofaffin watanninsa. Na yi, ba don na yarda ba, don dai kar in yi da-na-sani. Wata safiya ina cikin jirgin ƙasa zan je aiki na buɗe waya, na ga sifili. Dala 43,000 ta tafi. Ban gaya wa kowa ba sai da na kwana uku ina dubawa, ina tsoron kar su ce kuskure ne. Hajiya ta sauke farali a 2024.

Maman Iman: Allahu akbar. Yaya Rabi kin sa ni hawaye, ga wata abokiyar aikina tana ta kallona.

Kawu Ɗanjuma: Alhamdulillahi, na taya ki murna Malama. Amma ki lura, sa'a kika taka. Da ba a buɗe ƙofar nan ba fa?

Auwal Akanta: Wannan gaskiya ne Kawu, ba na musu. Sai dai masu sa'ar sun yi yawa. Kafin 2021 mutum kusan 7,000 ne kawai aka taɓa yafe wa ta wannan shiri. Zuwa Oktoban 2024 sun haura miliyan ɗaya. Kuma kar a haɗa shi da yafiyar nan ta kowa da kowa da Biden ya so yi, ta dala 10,000 zuwa 20,000, wadda Kotun Ƙoli ta soke a Yunin 2023. Waccan shugaba ne ya so yi da ikonsa. Wannan kuwa majalisa ce ta rubuta shi a doka, yana ma cikin takardar yarjejeniyar da Anti ta sa wa hannu ranar da ta ci bashin. An sha kai masa hannu: gwamnatin Obama ta nemi a ƙayyade yafiyar kar ta wuce dala 57,500, Trump a zuwansa na farko ya nemi a rufe shi ga sababbin masu cin bashi. Duka biyun ba su tsallake majalisa ba.

Anti, ga lissafinki yadda na gan shi. Wata 22 na ejensi sun tafi, ki yi musu addu'a. Amma ba su rushe miki na baya ba, don ba a ce sai 120 a jere ba. Wata 16 na SAVE kuwa ana iya fanso su. Akwai tsarin da ke ba ki dama ki biya abin da ya kamata a ce kin biya a waɗancan watanni, a ƙirga miki su. Sharaɗinsa, sai kin cika wata 120 kina aiki a wurin da ya cancanta, kuma fansar ce za ta kai ki ƙarshe. Ke yanzu kina da 85 na aiki. Saura 35. In kika fita daga SAVE yau kika koma IBR, wato tsarin biya gwargwadon abin da kike samu, bayan wata 35 kina da 104, ki fanshi 16, shi ke nan. Ƙasa da shekara uku. Ki fara tara kuɗin fansar a gefe tun yanzu, don in suka aiko da takarda kwana 90 suke bayarwa a biya, kuma layin masu jiran amsa dogo ne, kar ki sa rai da sauri.

Ɗaya hannun kuma: ƙarin 12,000 sau uku, 36,000 ke nan kafin a cire haraji. A nan kuwa abin da za a goge ya kusa ninka wannan, kuma gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan yafiyar PSLF. Biyan wata-wata kam ko ina kika je sai kin yi shi.

Kawu Ɗanjuma: Akanta, lissafin takarda daban na rayuwa daban. Shekara uku tana aikin dare, ga yara, ga ciwon baya. Wa ya ce maka za ta kai? Wa ya ce asibitin ba za a sayar wa 'yan kasuwa ba? A nan Hustan na ga an yi.

Auwal Akanta: Ana yi kam. In aka sayar, daga ranar watanni sun daina shiga, sai ta nemi wani wurin. Amma waɗanda ta tara suna nan.

Malam Habu: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban so in sa baki ba, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Daga 71,000 zuwa 78,000, wannan ƙarin mene ne sunansa? Kuɗin ruwa ne. Muna ta lissafin yadda za a zauna da shi shekara uku, ba mu tambayi halaccin zaman ba. Ni a ganina wanda ya samu hanyar fita da wuri ya fita. Kuma bashi ba abin wasa ba ne, ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya.

Maman Iman: Malam wallahi abin nan yana cina. Lokacin da na ci ba ni da wata hanya, mijina yana karatu, ga goyo.

Malama Rabi: Allah gafarta Malam, ni ba malamar addini ba ce, lissafi nake koyarwa. Amma duba: in ta tafi asibitin kuɗi, sai ta biya uwar kuɗin da ruwan gaba ɗaya, wataƙila shekara goma ko fiye tana zuba musu. In ta zauna, ruwan da ya taru yana cikin abin da za a goge. Wace hanya ce ta fi rage abin da za ta ba su na ruwa? Hukuncin dai na bar muku.

Malam Habu: Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yanke a nan ba. Zan kai ta gaban waɗanda suka fi ni. Abin da nake tsoro shi ne yaranmu su ji ana yafewa su riƙa ci ba lissafi.

Auwal Akanta: Malam, game da rataya, bashin karatu na gwamnatin tarayya yana faɗuwa in mai shi ya rasu, iyali su kai takardar shaidar rasuwa kawai, ba a bin magada. Na banki ne ke da wata magana. Af, Malam, ba a makarantar masallaci kake koyarwa ba a Shikago? In tana da rajistar 501(c)(3), kuma kana yin awa 30 a mako, kai ma kana ciki. Da can ba a ƙirga lokacin koyar da addini, amma tun Yulin 2021 an cire wannan togaciyar.

Malam Habu: Ikon Allah. Ni ba ni da bashi, amma akwai malamai biyu a wurinmu da ke da shi. Zan gaya musu.

Kawu Ɗanjuma: To Malam ma an saye shi.

Malam Habu: Kawu ka ji tsoron Allah, isar da saƙo kawai zan yi.

Nura Kano: Ku gafarce ni manya, ni ina gida, yayana ne ya sa ni a zauren nan. Ina aji uku a jami'a, kuma na ci bashin NELFUND, wato asusun bashin karatu na gwamnatin Najeriya. Mu namu ba ruwa a kai, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, su ba mu naira 20,000 a wata. An ce sai shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 na albashi. Da nake karanta hirarku sai na ce, ina ma a ce wanda ya yarda ya je ƙauye ya koyar, ko ya riƙe ƙaramin asibiti shekara biyar, a yafe masa. A garinmu malamin lissafi ɗaya ne a sakandare, shi ma neman canji yake.

Malama Rabi: Nura, shawararka ta yi. A nan ma akwai wani ƙaramin shiri na malamai kaɗai, shekara biyar a makarantar unguwar talakawa, a yafe har dala 17,500 ga masu lissafi da kimiyya a sakandare da masu koyar da yara masu buƙata ta musamman, sauran 5,000. Amma ka ga mu da ke da kwamfuta da lambar kowa a rubuce, sai da aka yi shekaru ana kuka kafin ƙirga ya daidaita. Duk wanda zai kawo shi gida, ya fara da tambayar wa zai riƙe rajistar watannin, kuma wa zai tabbatar malamin yana ƙauyen ba a takarda kawai ba.

Kawu Ɗanjuma: Ni fa har yanzu ba a amsa mini ba. Direban babbar mota da ke kawo wa asibitin iskar numfashi ba jama'a yake wa aiki ba? Harajinsa za a ɗiba a biya wa likita mai albashin dubu ɗari biyu bashi. Ina adalci a nan?

Auwal Akanta: Kawu wannan ƙorafin Amurkawa da yawa ma suna yinsa, musamman kan likitoci da lauyoyi, tunda yafiyar ba ta da iyaka. Ni dai abin da na gani a ofishin gundumarmu a Ohayo, lauyan da ke kare talakan da ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, da ma'aikaciyar da ke bin gidaje tana duba yaran da ake zalunta, albashinsu ba ya kai rabin na abokan karatunsu. Ka tambaye su me ya zaunar da su, da yawa za su ce maka 120 suke jira. Ranar da aka cire shi, kujerun nan za su zama wayam. Amma batun direba, ban da amsa mai gamsarwa, layin da aka ja ya bar mutanen kirki a waje. Ga Anti ma ya bar ta wata 22.

Hajiya Mariya: Ni tambayata daban. Na ji an ce Trump ya soke shirin, gaskiya ne? Ina aiki da ƙungiyar da ke taimakon 'yan gudun hijira.

Auwal Akanta: Ba a soke ba Hajiya. A Maris na 2025 ya ba da umarni, a ƙarshen Oktoba aka fitar da ƙa'ida da ta ba ma'aikatar ilimi ikon cire wurin aikin da ta ce yana da hannu sosai a abin da ya saɓa doka, har da batun shige da fice. An tsara ta fara aiki 1 ga Yulin 2026, kuma tuni jihohi da birane suka kai ƙara. Asibitin Anti ban ga abin da zai taɓa shi ba. Irin wurinku ne ya kamata ku sa ido. Ki cika fom ɗin shaidar aiki yanzu, a rubuta miki watannin da kika riga kika yi, ki sauke kwafi ki adana. Kowa ma ya riƙa yi duk shekara, da kuma duk ranar da zai bar wani aiki. Da Anti ta cika a 2021, da tun watan farko ta san ejensi ba ta shiga.

Maman Iman: Kar ka ƙara mini ciwo Auwal. Rashin sani ne, kaza ta kwana kan dami.

Admin: Jama'a a riƙa tausasa harshe. Kuma don Allah kar wanda ya turo hoton takardarsa da lambobinsa a nan. Masu kira a waya suna cewa a biya su za su sa a yafe bashi, 'yan damfara ne, fom ɗin kyauta ne a shafin StudentAid.

Malama Rabi: Ƙari a kan na Admin: duk wanda ya ce miki ki mayar da bashin wurin banki don ruwansu ya fi sauƙi, ki toshe kunne. Ranar da ya koma na banki, kin rabu da PSLF har abada.

Maman Iman: Na dawo gida, na sauke yara a makaranta. Na zazzage kwalin takalmin da nake tara takardu a kan gado, na jera W-2 ɗina tun ta 2017. Maganar Auwal ce: bakwai da lambar asibiti, biyu da ta ejensi, don 2021 guda biyu ce. Na shiga shafin na nemi komawa IBR, sun nuna mini abin da zan riƙa biya, sai da na ce wash. Baban Iman ya ce in zauna in ƙarasa, amma in roƙi a mayar da ni aikin rana. Shugabar sashenmu ba ta nan sai Litinin, su kuma waɗancan Juma'a suke jira. Zan kira su in nemi su ƙara mini mako ɗaya. Malam Habu, ina jiran abin da malamai za su ce.

Malam Habu: In sha Allahu bayan sallar Juma'a.

Kawu Ɗanjuma: To 'yata, Allah ya zaɓa mafi alheri. In dai kin fasa, turo mini lambar asibitin kuɗin ta akwatina. Akwai 'yar ƙanwata a Baltimo da ta gama nas bara, ita ba ta ci bashin kowa ba.